Sauya Inji a Manyan Motocin Soja Masu Amfani da Dizal

Sauya inji shi ne cire injin da mota ta zo da shi daga kamfani a dasa mata wani, ko irinsa ko na wani kamfani dabam. A manyan motocin soja ana yin haka idan inji ya mutu, ko kayan gyaransa sun yi wuya, ko ana neman ƙarin ƙarfi. Wani lokaci rundunar ce da kanta ke yi, wani lokaci kuma farar hula ne da suka sayi motar a gwanjo bayan ta gama aiki. Ɗaure injin a kan shasi shi ne mafi sauƙi a aikin. Inda ake shan wuya shi ne samun kwamfutar inji ta fahimci sauran motar, da kuma fitar da zafin da sabon injin ke haifarwa.

Daga ƙarfe zalla zuwa kwamfuta

Motar M35 ta sojan Amurka, mai ɗaukar tan biyu da rabi, wadda aka fara ƙerawa a 1950, ta daɗe tana aiki da injin Continental mai shan mai iri-iri. A shekarun 1990 aka sake gina da yawa daga cikinsu da injin Caterpillar 3116 da akwatin giya na Allison mai canza kansa, aka kira su M35A3. Haka ma jerin M939 masu tan biyar sun tashi daga Cummins NHC 250 mai lita 14 zuwa Cummins 6CTA mai lita 8.3. Duk waɗannan injuna famfon mai na ƙarfe ne ke sarrafa su, babu kwamfuta a ciki. Muddin mai da iska sun isa, za su tashi.

Lamarin ya canza da jerin FMTV, motocin sojan Amurka masu matsakaicin nauyi da suka zo daga baya. Na farkonsu sun zo da 3116, sai na biyu suka zo da 3126, daga baya C7, dukkansu injunan Caterpillar ne. 3126 da C7 suna amfani da tsarin HEUI, inda baƙin mai da aka matse sosai ke tura nozul, kwamfuta kuma ta yanke lokacin feshin mai da yawansa. Idan babu kwamfutar, injin ba zai ko tashi ba.

Daidaiton kwamfutar inji

Kwamfutar inji, wadda kanikawa kan kira ƙwaƙwalwa, ba ita kaɗai take aiki ba. Tana karɓar saƙo daga na'urorin auna zafi, matsin mai da juyin inji, tana kuma magana da kwamfutar akwatin giya. Tsofaffin motoci suna yin wannan magana ta layin sadarwa mai suna J1708, sababbi kuma J1939. Akwatin giya na Allison yana son ya san inda totur yake da nauyin da ke kan inji kafin ya canza giya. Idan saƙon bai iso ba, sai ya riƙa canzawa da fizga, ko ya maƙale a giya ɗaya don kare kansa. Mutane da yawa sukan zargi akwatin giyar a nan, alhali lafiyarsa ƙalau, bayani ne bai samu ba.

Ko a cikin kamfani ɗaya ba a tsira ba. Kwamfutar 3126 ta farko soket mai ƙafa 40 gare ta, ta baya kuma mai ƙafa 70, don haka wayoyin ɗaya ba sa shiga ɗaya. Manhajar da ke ciki ma an rubuta ta ne don wani ƙarfin doki da wasu nozul na musamman, kuma gyara ta sai da kayan aikin kamfani, kamar Cat ET ko INSITE na Cummins. 

Sai batun wuta. Motocin soja lantarki mai ƙarfin bolt 24 suke amfani da shi, yawancin motocin farar hula na Amurka kuwa bolt 12. Injin da aka ciro daga motar kasuwa yakan zo da kik, altaneta da wasu na'urori na bolt 12, kuma haɗa su kai tsaye yana iya ƙona su. Waɗannan matsaloli ne suka sa masu sauya inji da yawa suka fi son Cummins 6BT mai lita 5.9, wanda ba ya bukatar kwamfuta, kuma zaɓi ne mai ma'ana ga motar da za ta yi aiki nesa da gareji.

Matsalar zafi

Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da ke cikin man dizal yana fita ne a matsayin zafi ta hanyar ruwan inji. Ƙara ƙarfin doki ƙara zafi ne, amma lagireton da ke motar an auna shi ne da tsohon injin. Injin mai tarbo kuma yakan zo da abin sanyaya iska da ake sawa a gaban lagireto, wanda ke rage iskar da ke isa gare shi, ya kuma ɗumama ta. Akwatin giya mai canza kansa shi ma yana zuba zafinsa a cikin ruwan.

Motar soja ta fi motar titi shan wahala a nan, domin tana jan kaya a hankali cikin yashi ko taɓo, inda iskar gudu ba ta taimaka. Fanka ce kaɗai madogara. Idan sabon injin ya zauna sama ko ƙasa da inda tsohon yake, fankar ba za ta dace da murfin da ke kewaye da ita ba, sai ta riƙa jan iska daga gefe maimakon ta cikin lagireto. Iskar da ta maƙale a cikin tiyo bayan haɗa inji ita ma tana hana ruwa zagayawa, har kan inji ya yi zafi gaskit ya ƙone.

A injunan da silindarsu ke da hannun riga mai taɓa ruwa, wato bututun ƙarfen da fistin ke hawa da sauka a ciki wanda ruwan inji ke kewaye shi, kamar Cummins 8.3, ruwa zalla bai isa ba. Girgizar fistin tana haifar da ƙananan kumfa da ke cin ƙarfen har ya huje, don haka ana zuba sinadarin kariya a ruwan, ana kuma auna ƙarfinsa lokaci-lokaci.