Wuri (Monetaria moneta)

Wuri ƙaramin dodon koɗi ne na teku daga dangin Cypraeidae. Masanin halittu Linnaeus ne ya fara sa masa sunan kimiyya a 1758, ya kira shi Cypraea moneta. Daga baya aka mayar da shi rukunin Monetaria, ko da yake wasu rubuce-rubuce na riƙe da tsohon sunan.

Yana zaune ne a ruwan ɗumi marar zurfi na Tekun Indiya da Fasifik, tun daga Bahar Maliya da gaɓar Gabashin Afirka har tsibiran Folinisiya. Ana samunsa ƙarƙashin duwatsu da cikin murjani, inda yake kankare gansakuka da harshensa mai ƙananan haƙora.

Tsawon ɓawonsa yakan kai santimita biyu zuwa uku, fari ne ko fatsi-fatsi mai ɗan rawaya. Sheƙin da aka san shi da shi aikin dabbar ce da kanta: tana da wata tattausar fata da take fitarwa ta ɓangarori biyu ta lulluɓe ɓawon, tana shafa masa sabon rufi a kai a kai. Idan ta ji motsi, sai ta janye fatar ta shige ciki. Yana ƙarami, ɓawon siriri ne mai murɗiya kamar na sauran dodon koɗi. Da ya fara balaga sai leɓen ɓawon ya lanƙwashe ciki, ya yi kauri, haƙoran nan na bakin ɓawon su fito, girma kuma ya tsaya. Macen takan kwanta a kan ƙwayayenta har su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su bi igiyar ruwa na ɗan lokaci kafin su sauka ƙasa.

Tarihinsa a hannun mutane ya fi rayuwarsa cikin ruwa samun marubuta. A da, tsibiran Maldib da ke Tekun Indiya ne cibiyar samunsa. Mazauna can sukan zuba ganyen kwakwa a ruwa, dodon koɗin su manne, a jawo su tudu a bar su cikin yashi har naman ya ruɓe, ɓawon ya rage tas. Ibn Baɗuɗa, matafiyin nan ɗan Maroko, ya ga cinikinsa a tsibiran wajen shekarun 1340, ya kuma tarar ana saye da sayarwa da shi a Mali da Gawo. Bengal, wani yanki a Kudancin Asiya, kan karɓe shi ta ba da shinkafa. Tun daga ƙarni na 16 jiragen Turawa suka riƙa loda shi zuwa Yammacin Afirka, aka sayi bayi da shi, kuma wannan tabo ne da ba ya rabuwa da tarihinsa. Wajen tsakiyar ƙarni na 19 aka fara shigo da ɗan'uwansa Monetaria annulus daga Zanzibar da yawan gaske, darajar wuri ta faɗi warwas. A tsohuwar Sin ma an yi kuɗi da wuri, sai dai masana sun saɓa kan inda aka riƙa samo shi.

A yau ana amfani da shi wajen ado.