Jirgin fito mai aiki da lantarki da mai tuƙa kansa

Jirgin fito mai aiki da lantarki jirgin ruwa ne da ke ƙetarar da fasinjoji, wani lokaci har da motoci, daga wannan gaɓa zuwa waccan, kuma batir ne ke juya farfelarsa a madadin injin dizal. A biranen da kogi, tafki ko mashigin teku ya raba unguwanninsu, ana saka shi cikin sufurin jama'a, da tashoshinsa da lokacin tashinsa da tikitinsa. Mai tuƙa kansa kuwa shi ne wanda kwamfuta ke riƙe da akalarsa tun daga tashi har zuwa tsayawa. Akan ambaci biyun tare, amma ba su kai matsayi ɗaya ba: na lantarki ya riga ya kankama a ƙasashe da dama, mai tuƙa kansa kuwa har yanzu ana gwada shi ne.

Asali

Abin ya daɗe. Tun a ƙarshen shekarun 1830 Moritz von Jacobi ya gwada kwalekwale mai batir a kogin Neva da ke Rasha. A 1894 aka fara fito da ƙananan jirage masu lantarki a birnin Bergen na Norwe, kuma tun 1909 irinsu ke yawo a tafkin Königssee na Jamus. Nauyin batiran wancan zamani da arahar man fetur su suka danne fasahar, sai da batirin lithium ya samu sannan ta farfaɗo.

A 2015 Norwe ta ƙaddamar da Ampere, jirgin fiton motoci na farko da ya dogara kacokan ga batir. Yana ɗaukar motoci 120, yana yin tafiyar kusan kilomita 6 tsakanin Lavik da Oppedal cikin minti 20.

Yadda ake cajinsa

Dalilin da ya sa fito ya dace da batir shi ne hanyarsa gajera ce kuma ba ta canzawa. Kamar adaidaitar da ba ta da zirga-zirgar da ta wuce tsakanin Birni da Kasuwar Dole a Damagaram, an san inda zai tsaya, an san lokacin da zai dawo. Saboda haka ba sai ya ɗauki wutar yini guda ba. Da zarar ya jingina da gaɓa, ana jona shi da na'urar caji, fasinjoji na sauka wasu na hawa, batir na cika.

Akwai dabara ɗaya a aikin Ampere da ta cancanci a tsaya a kanta. Layin wutar ƙauyukan da yake tsayawa bai da ƙarfin cika jirgin cikin minti goma. Sai aka ajiye wani babban batir a kowace gaɓa, wanda ke tsotsar wuta sannu a hankali daga layi yayin da jirgi ke kan ruwa, idan ya iso ya juye masa ita gaba ɗaya. Ga ƙasashen da wutarsu ba ta da tabbas, wannan darasi ya fi jirgin kansa amfani.

Sayen jirgin da gina tashar caji suna da tsada. Ribar tana zuwa daga baya, domin ba a sayen mai, injin lantarki bai da yawan gyara, ga shi babu hayaƙi babu ƙara. Sai dai tsaftarsa ta danganta da inda aka samo wutar. Norwe daga madatsun ruwa take samun kusan dukan tata.

A cikin birane

Copenhagen, babban birnin Denmark, ta mayar da jiragen fasinjan tasharta masu lantarki a 2020. A jihar Kerala ta Indiya, jirgin Aditya, mai ɗaukar mutum 75 da faifan sola a rufinsa, ya fara aiki a 2017, sannan a 2023 aka buɗe tsarin jiragen birnin Kochi, wanda aka tsara zai kai jirage 78 da tashoshi 38. A Stockholm ta Suwidin an gwada Candela P-12 tun daga 2024. Shi wannan yana da fukafukai a ƙarƙashinsa. Idan ya ɗauki gudu sai gangar jikinsa ta ɗaga sama da ruwa, turjiya ta ragu, wutar da yake ci ta ragu, kuma ba ya tayar da igiyar da ke cinye gaɓa.

Tuƙa kai

Jirgi mai tuƙa kansa yana gani da radar, da kyamarori, da na'urar da ke auna nisa da hasken leza, yana kuma sanin inda yake ta tauraron ɗan Adam. Kwamfuta ce ke haɗa bayanan ta yanke shawarar ya ci gaba, ya rage gudu ko ya kauce. An nuna hakan da jirgin Falco a Finlan a watan Disambar 2018. A 2022 jami'ar NTNU ta Norwe ta gwada jirgin milliAmpere 2 da fasinjoji a wata mashigar ruwa ta Trondheim, inda mutum ke danna maɓalli jirgin ya zo. A 2023 jirgin Estelle ya fara fito tsakanin unguwannin Kungsholmen da Södermalm a Stockholm.

A duk waɗannan akwai ma'aikaci a ciki, yana zaune yana sa ido, a shirye ya karɓi tuƙi. Burin masu ƙerawa shi ne mutum ɗaya ya riƙa lura da jirage da yawa daga ofis a tudu, domin albashin matuƙa na cikin abin da ke sa ƙaramin fito ya kasa riƙe kansa. Amma dokokin kauce wa karo a teku na 1972 an rubuta su ne da tunanin akwai ɗan Adam mai gani da ji a cikin jirgi. Kuma aikin mai fito bai tsaya ga tuƙi ba: shi ke hana lodi ya wuce kima, shi ke miƙa hannu idan yaro ya faɗa ruwa. Wannan ba ƙaramin giɓi ba ne.

Afirka ta Yamma

Inda batun ya shafi Nijar shi ne Yamai da garuruwan bakin kogin Kwara, sai yankin Diffa. Yamai na da gadoji uku, na farkonsu gadar Kennedy ta 1970, amma har gobe ana ƙetarawa da kwalekwale. Kogin na ja baya sosai kafin damina, yashi ya fito, ciyawar ruwa ta toshe hanya, ga dorina a wasu wurare. Ƙaramin jirgi marar zurfi mai faifan sola, da matuƙinsa a ciki, shi ya fi kusa da wannan yanayi. A Najeriya, jihar Legas ta ƙaddamar da shirin Omi Eko a 2025, da tallafin Faransa da Tarayyar Turai, wanda ke da niyyar samar da jiragen lantarki fiye da 70.