Tafiyar mota zuwa mashigin Lees Ferry: tambayoyi da amsoshi

Ina wurin yake, kuma ta ina ake bi?

Yana arewacin jihar Arizona ta Amurka, a bakin kogin Kolorado. Daga garin Flagstaff ana bin titi mai lamba 89 a nufi arewa, a ratsa ƙasar ƙabilar Nabaho, sannan a karkata kan 89A. Tafiyar kusan kilomita 200 ce, hamada da jajayen duwatsu. Garuruwa na nesa da juna, a cika tanki, a yi guzurin ruwa.

Me ya sa a nan aka kafa fito?

Kogin ya haƙa wa kansa kwazazzabo mai zurfi, gaɓarsa a miƙe kamar katanga. Sai a yi ɗaruruwan kilomita ana hango ruwa a ƙasa, babu halin sauka. A nan kuwa, inda rafin Paria ke shiga Kolorado, duwatsun sun ja baya har keken doki na iya kai wa bakin ruwa. Shi ya sa mabiya ɗarikar Mormon ta Kirista masu ƙaura daga jihar Utah zuwa Arizona suka dogara da wurin. An fara fito a 1873.

Wane ne Lee?

John D. Lee, ɗan fito na farko. Tarihinsa ba mai daɗin ji ba ne: an harbe shi a 1877 bisa hukuncin kotu, saboda hannunsa a kisan gillar matafiya a Mountain Meadows da ke Utah a 1857. Matarsa Emma ce ta riƙe fiton lokacin da yake tsare, kuma a ganina ita ta fi cancantar a riƙa ambata.

Har yanzu ana fito?

A'a. A 1928 jirgin ya kife, mutum uku suka mutu. A 1929 aka buɗe gadar Nabaho, mai tsayin kusan mita 140 daga ruwa. An gina sabuwa kusa da ita a 1995, tsohuwar ta zama ta masu tafiya a ƙafa.

To me ke kai mutane yanzu?

Masu ratsa Grand Canyon, wato babban kwazazzabon kogin, a jirgin roba daga nan suke tashi. Amma babban lamari shi ne rabon ruwa. Wata yarjejeniya ta 1922 ta tsara rabon ruwan kogin tsakanin jihohi bakwai, kuma nan ne iyakar jihohin saman kogin da na ƙasansa. Jihohin sama, irin su Utah da Wyoming, dole su bar wani adadin ruwa ya wuce ta nan zuwa Arizona da Nebada da Kalifoniya.