Girman kan matashin ɗan besbol: abin yana damun magoya baya kuwa?

A kan wa ake wannan muhawara?

Babu wanda aka fi yin ta a kansa kamar Bryce Harper, ɗan wasan besbol na Amurka da aka haifa a Las Vegas a 1992. Yana ɗan shekara 16 mujallar Sports Illustrated ta buga hotonsa a bangonta, ta kira shi zaɓaɓɓen wasan. Ya bar sakandare da wuri ya shiga wata kwaleji a Nevada don ya isa shiga zaɓen sabbin 'yan wasa, kuma a 2010 ƙungiyar Washington Nationals ta ɗauke shi a lamba ta ɗaya, da kwantiragin dala miliyan 9.9. Sai a 2012 ya taka filin babbar gasar besbol ta Amurka, wato MLB, amma kafin nan rabin masu bin wasan sun riga sun yanke masa hukunci.

Me ya yi har aka ce yana ji da kansa?

Yakan lafta baƙin fenti a kumatu kamar mai fita yaƙi. A kwaleji alƙalin wasa ya taɓa korarsa don ya ja layi a ƙasa da gorarsa, yana nuna wa alƙalin inda ƙwallon ta bi. Abin da ya fi tayar da ƙura shi ne na 2011, lokacin yana ƙaramar ƙungiyar Hagerstown: ya buga ƙwallo ta tsallake katanga, yana cikin zagaye filin sai ya hura wa mai jifan, wato abokin hamayyar da ya jefo masa ƙwallon, sumba.

Ga wanda ya saba da dambe, inda ɗan wasa zai tsaya tsakiyar fage ya yi wa kansa kirari jama'a na shewa, wannan ba abin magana ba ne. Besbol kuwa yana da tsofaffin ƙa'idoji da ba a rubuta su ko'ina ba. In ka yi irin wannan bugu, ka sunkuyar da kai ka zagaya. Kada ka tsaya kallon ƙwallon, kada ka cilla gora sama. Wanda ya karya, mai jifa zai saka masa da ƙwallo a haƙarƙari, ƙwallo mai tauri da ke gudun kilomita 150 a awa.

Su wa abin ya fi ɓata wa rai?

Manyan 'yan wasa, ba 'yan kallo ba. A Mayun 2012, Harper yana da kwana takwas kacal a babbar gasa, Cole Hamels, mai jifa na Philadelphia Phillies, ya jefe shi a baya, ya kuma fito ya ce da gangan ya yi. An dakatar da Hamels wasa biyar. Harper bai ce uffan ba, ya tafi sansanin farko cikin huɗun da ɗan wasa ke zagayawa kafin ya ci maki, kuma kafin zagayen ya ƙare ya faki idon Hamels ya ruga sansanin ƙarshe da ake kira gida ya ci maki. A 2015 ma abokin wasansa ne, Jonathan Papelbon, ya shaƙe masa wuya a rumfar ƙungiya a gaban kyamara.

To magoya baya fa?

Su dai rigar suke kallo. Shekara bakwai mutanen Philadelphia suna yi masa ihun tsiya duk lokacin da ya zo garinsu. A 2019 ya sa hannu da Phillies, shekara 13 a kan dala miliyan 330, nan take abin da suke kira rashin kunya ya koma zuciya da kishin ƙungiya. Da ya koma Washington a watan Afrilun shekarar, waɗanda suka sha kare shi ne suka yi masa ihu. Ya buga ƙwallo ta tsallake katanga, ya cilla gorar sama. Halinsa bai sauya ba ko kaɗan tsakanin 2018 da 2019.

Ke nan hali ba shi da wani muhimmanci?

Yana da shi, sai dai ba ta inda ake zato ba. A ganina akwai abubuwa biyu da ake cakuɗawa. Ɗaya shi ne cika baki da nuna isa, wanda mai sayen tikiti ke yafewa cikin sauƙi, har ma yana jin daɗinsa. Ɗayan shi ne sakaci. A 2014 kocinsa Matt Williams ya cire shi a tsakiyar wasa don bai yi gudu da gaske zuwa sansanin farko ba, kuma irin wannan ne ke yi wa mai kallo ciwo, domin shi ya baro aikinsa ya biya kuɗinsa. Abin da ya ceci Harper shi ne sakacin ba ɗabi'arsa ba ce: wannan yaron ne a 2013 ya yi karo da katangar filin ƙungiyar Los Angeles Dodgers yana bin ƙwallo, aka fitar da shi jini na zuba.

Sannan ya cika alkawari. A 2015, yana ɗan shekara 22, ya yi bugun tsallake katanga 42, aka zaɓe shi gwarzon National League, ɗaya daga cikin rukunai biyu na babbar gasar, ba tare da ƙuri'ar farko ko ɗaya ta kuɓuce masa ba. Ya sake cin kyautar a 2021. Da ya yi wannan cika baki bai taɓuka komai ba, da tuni an mayar da shi abin ba'a.

Wasan ya sauya tun daga lokacin?

Ƙwarai. A 2016 Harper ya fito fili ya ce wasan ya gaji, tunda ba a barin ɗan wasa ya nuna abin da ke ransa, aka yi masa ca. Bayan shekara biyu hukumar MLB da kanta ta fitar da talla tana kira da a ƙyale yara su yi wasansu. Yau cilla gora sama shi ne abin da hukumar ke yankowa tana sawa a shafukanta na sada zumunta.