Abubakar Imam

Alhaji Abubakar Imam (1911–1981) marubucin ƙagaggun labarai ne, kuma ɗan jarida. An haife shi a Kagara, cikin jihar Neja ta yanzu, amma a Katsina ya zama marubuci, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko.

Ya shiga Kwalejin Katsina a 1927, ya gama a 1932, sannan ya zama malami a Makarantar Midil ta garin. Ginin kwalejin na ƙasa, mai kaurin bango da bakan gizo, yana nan har yau, an mayar da shi gidan adana kayan tarihi. Yayansa, Malam Bello Kagara, wanda ya zama Walin Katsina, shi ma malami ne a kwalejin.

A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar rubuta labarai da Hausa. Wa da ƙane duk suka shiga: Bello da Ganɗoki, Abubakar da Ruwan Bagaja, yana ɗan shekara 22. Labarin Ruwan Bagaja ya bi wani mai suna Alhaji Imam cikin yawon neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, yana ta karo da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, kowa na neman ya yi wa ɗan'uwansa wayo. Abin da ya riƙe masu karatu shi ne bakin mutanen ciki: zolaya, gatse da karin magana, kamar kana zaune a zaure kana jin su.

Wannan baiwa ce ta sa aka ɗauko shi zuwa Zariya, ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, inda aku ke jan hankalin Musa ɗan Sarki Abdurrahman da labarai dare bayan dare. Da yawa daga cikinsu asalinsu na Larabawa ne da Indiyawa da Turawa, kuma wasu manazarta sun ɗauki hakan naƙasu. Sai dai duk wanda ya karanta ya san aikin ya wuce kwafa: ya sa wa labaran riga da rawani, ya zaunar da su a fada da kasuwa, har yaro a Daura bai taɓa zaton baƙi ne ba.

A Janairun 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya zama editanta na Hausa, ya riƙe ta kimanin shekara 12. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, tare da Nnamdi Azikiwe. A can ya gana da Lugga (Lord Lugard), tsohon Gwamnan Nijeriya, ya faɗa masa damuwar matasan Arewa masu ilimin boko. Labarin tafiyar shi ne Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda ya fito a 1944. Daga baya ya shiga majalisa, ya kuma yi aiki a hukumar ɗaukar ma'aikata ta Arewa.

Ya rasu a Zariya a 1981. Tarihin rayuwarsa da ya bari da Turanci, The Abubakar Imam Memoirs, ya fito a 1989, Abdurrahman Mora ne ya tace shi.