Tambayoyi kan daidaita madubin leza da canza shi

Ɗaliban fiziks da ke zuwa ɗakin gwaje-gwajenmu a nan Kano, musamman masu aikin kammala digiri, tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne da zarar an ce za a taɓa madubin leza, wato na'urar da ke fitar da siririn haske mai ƙarfi.

Malam, ai hasken ɗan siriri ne, me ya sa ake tsoronsa haka?

Saboda ido da kansa yake tara shi. Hasken da tsawon zangonsa ke tsakanin nanomita 400 zuwa 1400 (nanomita ɗan ƙaramin ma'aunin tsawo ne, da shi ake bambanta nau'in haske) yana ratsa ƙwayar ido ya taru a ɗigo guda can ciki, ƙarfinsa ya ninka kusan sau 100,000. Lezar Nd:YAG tana fitar da nanomita 1064, wanda ba a ganinsa sam, don haka ido ba zai ko ƙifta ba. Leza mai aji 4, ajin da ya fi haɗari, wadda ta haura miliwat 500, ko hasken da ya bugi bango ya watsu yana iya yin illa, tana kuma ƙona fata da tufafi.

Me zan yi kafin a kunna?

Cire agogo da zobe da awarwaro, duk abin da ke ƙyalli. A naɗe hannun riga, mata su cusa bakin mayafi. Sannan tabarau, kuma ba kowanne ba: duba lambobin da ke jikinsa. OD lamba ce da ke nuna yadda tabarau ke tare haske: OD 4 yana rage haske zuwa kashi ɗaya cikin 10,000, amma a nanomitar da aka rubuta kaɗai. Wanda aka yi don koren haske na 532 ba lallai ya kare ka daga 1064 ba.

To yaya ake daidaitawar?

Nan ne aka fi samun rauni, don a lokacin ne murfi ke buɗe, hannu kuma yana kusa. Rage ƙarfin lezar iya yadda za ta ragu. In akwai ƙaramar jar leza irin ta He-Ne mai nanomita 632.8, fara shimfiɗa hanyar da ita. Kafa ƙofofi biyu masu ɗan huji, ɗaya kusa ɗaya nesa. Madubi na farko ya kai hasken tsakiyar ta kusa, na biyu ya kai shi tsakiyar ta nesa, kana juya noti kaɗan-kaɗan, kana komawa, har su zo daidai. Gaggawa ba ta aiki a nan. Wanda ya murɗa da ƙarfi sai ya nemi hasken ya rasa, alhali yana can yana yawo a bango.

Hasken da ba a gani da kati na musamman ake binsa, wanda ke haskawa in ya taɓa shi, a riƙe shi a ɗan karkace zuwa ƙasa. Kowane gilashi yana mayar da ɗan haske baya, a nemo shi a toshe. Kuma kada ka sunkuya, don a saitin teburin aiki hasken yake bi. Na taɓa ganin biro ya faɗo wa wani ɗalibi, ya duƙa zai ɗauka, kansa ya zo daidai da teburin. Allah ya kiyaye, an riga an toshe hasken.

In canza madubin zan yi fa?

Kashe, zare makulli, ka sa shi a aljihunka. An ɗauke wuta ba yana nufin an kashe leza ba, ko yaushe za a iya dawo da ita ko a tayar da janareta. Cikin akwatin lezar kuwa a bar wa ƙwararre, akwai kafasito da ke riƙe wuta bayan an kashe.

Sa safar hannu, kama madubin ta gefe, ka tabbatar fuskar da aka shafa wa abin mayar da haske ce ke kallon hasken. Kada ka ɗaure shi tamau, gilashin yana lanƙwasa.

Ƙurar hunturu fa?

Ita ce ciwon kanmu daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ƙwayar ƙura ɗaya in ta ƙone a kan madubi ta bar tabo ke nan. Fara hure ta da famfon roba, ba da baki ba. Sai a ɗiga metanol a takardar goge gilashi, a ja sau ɗaya, a jefar. In an tashi aiki a rufe teburin.