Waiwaye: Ramukan Ripon da taswirar da ta raba gari gida uku

Duk lokacin da aka zo da maganar sabon gini a Ripon, wani ƙaramin birni da ke yankin North Yorkshire a arewacin Ingila, sai muhawara ta tashi. Wasu su ce ai an san ƙasar ba ta da tabbas, don me za a ƙara ɗora mata nauyi? Wasu su ce in aka bi ta wannan, garin ba zai sake samun ko ɗaki ɗaya ba. Abin da ke rura wutar shi ne abubuwan da jama'a suka gani da idonsu: gidan da ƙasa ta burma a ƙarƙashinsa ya tsage biyu a unguwar Magdalen's Close a watan Fabrairun 2014 har aka rushe shi, da ramin da ya haɗiye lambunan da ke bayan wasu gidaje a Magdalen's Road a Nuwamban 2016 aka kwashe iyalai cikin dare, sai kuma wanda ya buɗe bayan wani babban kanti a tsakiyar gari a 2018. Wanda bai san tarihin wurin ba zai ɗauka ƙasar ce ta fara bore kwanan nan.

Garin na zaune ne a kan dutsen jifsam, ma'adinin nan da ake haɗa siminti da shi, ake kuma yin kwalliyar silin da garinsa. Shimfiɗar ta kwanta tun shekaru miliyan 250 da 'yan kai, kuma kaurinta a wasu wurare ya kai mita 40. Aibin jifsam ɗaya ne: ruwa mai gudu na cin sa kamar yadda yake cin kanwa, kusan ninki 100 na saurin da yake cin dutsen farar ƙasa. Masu bincike sun taɓa sa ido a kan wani gutsure mai faɗin mita 3 ta kowane ɓangare da ya faɗa kogin Ure da ke bi ta gefen garin, cikin wata 18 ya narke ƙurmus. Ruwan sama da ke nutsewa a tudun yamma yana bi ta cikin wannan dutse ya ɓullo a kwarin kogin, yana sassaƙa koguna a hanya. In rufin kogo ya gaji, sai ya rufta, ramin ya yi ta hawa har ya iso doron ƙasa.

Tsoffin labaran sanannu ne. Tafkunan Hell Kettles da ke kusa da garin Darlington, arewa da Ripon, a kan wannan zirin dutse, tarihi ya ce a 1179 suka burma. A 1834 wani rami mai zurfi ya buɗe a arewacin Ripon, kuma har yau yana nan. A Afrilun 1997 wani mai faɗin kusan mita 10 ya lashe gareji huɗu a layin Ure Bank Terrace da ke Ripon, hotonsa ya zagaya duniya.

Hayaniyar wancan hoto ta sa aka manta da abin da ya faru shekara ɗaya kafinsa, alhali a nan ne lamarin ya juya. Tun shekarun 1980 wani masanin duwatsu na hukumar binciken ƙasa ta Birtaniya, Anthony Cooper, yake bin gonaki da tsofaffin taswirori da hotunan sama yana ɗiga kowane lotsi a takarda. Da ɗigon suka taru, sai ga shi ramukan ba warwatse suke ba. Layi suke bi, suna yawaita inda tsagogin dutse suka gicciye juna, kuma sun fi cunkushewa a gefen kwarin kogin. A 1996 aka fitar da rahoton wani bincike da gwamnati ta ɗauki nauyinsa, wanda ya ɗora a kan wannan aiki ya raba yankin gida uku: inda ba a san akwai jifsam ba, inda yake can ƙasa da nisa, da inda yake kusa kuma ruwa ke iya cin sa. Kaso na ukun nan ya kwashe mafi yawan garin. Daga baya aka shigar da rabon cikin ƙa'idojin gini, ta yadda mai son gini a wannan kaso sai ya kawo rahoton ƙwararre a kan lafiyar ƙasar filinsa kafin a ba shi izini.

Wannan ba ƙaramin sauyi ba ne. Da can rami ƙaddara ce da ke faɗa wa mutum ɗaya, a jajanta masa, a zuba ƙasa, a wuce. Yanzu ya zama abin lissafi kafin a haƙa tushe. Gadar da ke ɗauke da hanyar bayan gari a kan kogin Ure an tsara ta ne yadda ko ƙafa ɗaya ta nutse ba za ta faɗi ba. Sababbin gidaje kan zauna a kan faffaɗan daɓen kankare mai rodi, ana kuma guje wa ramin tsotse ruwan indararo, domin ruwan da aka tara wuri guda shi ke farkar da kogon da ke barci. Har cusa siminti a kogon ma ba a cika son sa ba, don yakan karkatar da ruwan ne zuwa ƙarƙashin maƙwabci.

Sai dai taswira tana hukunci ne a kan ginin gobe. Gidajen da aka riga aka gina suna nan inda suke, kuma da yawa daga tsofaffin ramuka an cike su da shara da ɓaraguzai tun zamanin kakanni, ciyawa ta rufe, aka yanka filaye a kai. A ganina nan ne tushen yawancin abin da ake kuka da shi yau. Wurin da ya burma a Ure Bank ya sha lotsawa ana cikewa kafin 1997. Rami cikakke ba ya mutuwa. Abin da aka zuba a ciki yana ci gaba da zurarewa ta ƙasa, kuma bututun da ke yoyo ko damina mai nauyi kan hanzarta shi. An lura cewa ramin 2014 ya zo ne bayan hunturu mai tsananin ruwa.

Kayan aiki sun inganta. Ana auna ɗan bambancin nauyin ƙasa don gano fanko, ana tura lantarki a ga inda ya sha bamban, ana ɗaukar siffar doron ƙasa daga jirgi da hasken leza. Duk da haka a cikin gari kwalta da bututu da wayoyi suna rikita awon, kuma rijiyar gwaji na iya wucewa taku biyu daga kogo ba ta taɓa shi ba. Shi ya sa masu gida ke ƙorafin taswirar ta karya darajar dukiyarsu ta tsadantar da inshora ba tare da ta faɗa musu ko ɗakinsu ne na gaba ba, masana kuma ke amsa cewa abin da aka zana shi ne inda haɗarin ya fi yawa, kuma bisa abin da aka saba gani, sabon rami kan buɗe a garin duk shekara biyu zuwa uku.